Dukiyar wasiyya a gidauniyar al'umma: a ajiye ta har abada ko a kashe ta yanzu?

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni ga waɗanda suka san harkar. A kwamitin da nake ciki ana maganar kafa gidauniyar al'umma ta yanki guda, wadda ba ta mutum ɗaya ba ce, ba ta gida ɗaya ba. Kowa ya zuba abin da ya sawwaƙa, a juya kuɗin, ribar ta riƙa zuwa makarantu da asibitoci da sauran buƙatun yankin. Wanda aka gayyato ya yi mana bayani ya ce kada mu dogara da karo-karon wata-wata ko taron neman gudummawa, wai abin da ke riƙe irin wannan gidauniya shi ne dukiyar da mutane ke bari a wasiyya. Ni dai abin bai kwanta min ba. Yaya za a gina abu a kan jiran mutuwar mutane? Kuma kafin a mutun, da me za a yi aiki?

Dakta Ishaku: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya ya faɗa miki, ko da yake ba ta da daɗin ji. Gidauniya ta farko irin wannan an kafa ta ne a birnin Cleveland na Amurka a 1914. Wanda ya kawo tunanin, Frederick Goff, lauya ne kuma shugaban banki, aikinsa ke nan kula da dukiyar da mamata suka bari amana. A shekarun farko ba ta da abin rabawa na a zo a gani, sai ta koma gudanar da bincike a kan makarantun birnin da kotunansa tana fitar da rahoto. Goff ya rasu a 1923 bai ga ƙarfinta ba. Sai a 1931 wasiyyar wani mai harkar jiragen ruwa, Harry Coulby, ta kawo wajen dala miliyan 3, sannan ta tsaya da ƙafafunta. Yau dukiyarta ta kai wajen dala biliyan 3.

Dalilin ba boyayye ba ne. Mai rai yana bayarwa ne daga abin da ke shigo masa, yana lissafin kuɗin makarantar yara da na asibiti da tsufan da ke tafe. Mai wasiyya kuwa daga tarin abin da ya mallaka yake bayarwa: gida, fili, hannun jari. Malamar firamare da ba ta taɓa iya ba da wani abin kirki ba tana raye, tana iya barin kyautar da ta fi ta attajiri idan ta yi wasiyya da wani kaso na gidanta.

Auwal: Dakta, shekara 17 fa ke nan tsakanin 1914 da 1931. Yaron da aka haifa ranar da aka kafa gidauniyar har ya kusa gama sakandare bai ga ko fensir ba. Ni ba ma jiran ne ya fi damu na ba. Kuɗin ya zo, sai a ce ba za a taɓa shi ba, a zuba shi a kasuwa, a riƙa ba mutane ɗan tsakure duk shekara. Mai ciwo yana kwance yau, kuɗin maganinsa yana banki yana jiran jikokin da ba a haifa ba. Wannan wane irin taimako ne?

Zainab Akanta: Auwal, bari in sa maka lissafi a gaba, ka ƙi shi ko ka yarda. A ce an bar wa gidauniya miliyan 100, na kowane irin kuɗi. An zuba a jari, yana kawo kashi 8 cikin 100 a shekara idan aka haɗa shekarun riba da na faɗuwa. Hauhawar farashi na cin kashi 3, dole a mayar da wannan cikin uwar kuɗi don kada darajarta ta ragu. Kashi 1 ya tafi albashi da ofis da mai binciken kuɗi. Saura kashi 4, shi ake rabawa, wato miliyan 4. A shekara 25 an raba miliyan 100 cif, daidai da abin da mamacin ya bari, kuma uwar kuɗin tana nan ba ta motsa ba. A shekara 50 an raba ninki biyu. Shi ya sa yawancin irin waɗannan gidauniyoyi ke tsayawa tsakanin kashi 4 da 5.

Kuma ba a kan darajar asusun ta yau ake ɗaukar kason ba. Ana ɗaukar matsakaicin darajarsa na shekara uku ko biyar da suka wuce. Amfanin haka ya fito a 2008, lokacin da kasuwar hannun jarin Amurka ta zube da fiye da kashi 35 cikin 100 a shekara guda. Wanda ke lissafi da matsakaici, tallafinsa ya ragu a hankali ne, bai yanke rana ɗaya ba, a daidai lokacin da mutane suka fi buƙata.

Auwal: Anti Zainab, lissafin ya yi kyau a takarda. Amma kin zaɓi kashi 3 ne don ya ba ki amsar da kike so. Inda hauhawar farashi ta kai kashi 20 fa?

Zainab Akanta: A nan kam ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Idan farashi na hawa da kashi 20, kuɗin da aka ajiye zube rabin ƙarfinsa ya tafi kafin shekara huɗu ta cika. Banki ya ba ka ribar kashi 15, kana murna, alhali ka yi asarar kashi 5 tun ba ka raba ko sisi ba. Idan kuma ka raba ribar nan duka, irin shuka ka dafa ka ci. A wurin da kuɗi ba ya riƙe darajarsa, gidauniya ba ta da zaɓi sai ta sa mafi yawan dukiyarta a abin da farashinsa ke tashi tare da na kaya: gine-ginen haya, gonaki, hannun jarin kamfanonin da ke sayar da abin da ba a iya bari. Kuma ta rage abin da take rabawa. Amma wannan matsalar inda za a ajiye ce, ba hujjar kada a ajiye ba.

Dakta Ishaku: Auwal, kada ka ɗauka kai kaɗai ne a wannan ra'ayi, kana da babban mutum a bayanka. Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, ya tsani asusun har abada. Ya kafa nasa a 1917, ya gindaya sharaɗin a kashe shi kaf cikin shekara 25 bayan rasuwarsa. Ya rasu a 1932, asusun ya rufe a 1948. Da kuɗinsa, haɗe da na mutanen garuruwan da na hukumomi, aka gina makarantu kusan 5,000 na yaran baƙar fata a kudancin Amurka. Babu mai cewa ya yi hasara. Hujjarsa ita ce kowane zamani ya ɗauki nauyin matsalarsa.

Inda na rabu da shi, shi mutum ɗaya ne mai tarin dukiya da manufa ɗaya. Yanki kuwa ba ya ƙarewa, buƙatarsa ba ta ƙarewa, kuma ba kowane zamani ne yake samun Rosenwald ba.

Malam Sani: Assalamu alaikum. Na ga ana ta kawo misalai daga Amurka, to asalin tsarin ya girmi 1914 nesa ba kusa ba. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya samu gona a Khaibara, ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman shawara. Aka ce masa in ya so ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Ya yi hakan bisa sharaɗin ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta. Wannan shi ne wakafi, kuma shi ne abin da Malama Zainab ta zayyana da alƙaluma. A cikin sharuɗɗan har da cewa babu laifi mai kula da ita ya ci daga cikinta gwargwadon abin da aka saba. Saboda haka masu ganin kashi 1 na gudanarwa kamar cin dukiyar marayu ne, su sassauta.

Sai dai Hajiya, ga Musulmi akwai iyaka, kuma gara kwamitinku ya san ta tun yanzu. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya nemi ya yi sadaka da kashi biyu cikin uku, aka hana, ya ce rabi, aka hana, aka tsaya a sulusi, aka kuma ce sulusin ma da yawa, barin magada a wadace ya fi a bar su suna roƙon mutane. Sulusin nan kuma bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi ake lissafa shi. Abin da ya haura sai da yardar magada.

Hajiya Rabi: Allah ya gafarta Malam, idan mutum ya ba da gidansa gaba ɗaya tun yana raye fa?

Malam Sani: Idan yana cikin ƙoshin lafiya da hankalinsa, ya fitar da shi daga hannunsa aka karɓa, ya zama wakafi ko kyauta, sulusi bai shafe shi ba, sai dai ya ji tsoron Allah kada niyyarsa ta zama hana magada. Idan kuwa a ciwon ajali ya bayar, hukuncinsa hukuncin wasiyya ne, a sulusi za a auna shi.

Barista Nura: Malam ya rufe wannan ɓangaren. Ni kuma in ce ba a nan gizo ke saƙar ba. Jayayyar a ajiye ko a kashe mai sauƙi ce idan aka kwatanta da wannan: me mamacin ya rubuta? A aikina abin da na fi gani yana kashe kyakkyawar wasiyya shi ne yawan sharaɗi. Mutum zai zauna a gabana ya ce kuɗin na ɗaliban makaranta kaza ne, masu karanta fanni kaza, 'yan asalin unguwa kaza, waɗanda iyayensu ke sana'a kaza. In ce masa, ranka ya daɗe, idan aka rufe makarantar fa? Sai ya dube ni kamar na yi masa baki. Shi yana ganin duniya za ta tsaya yadda ya bar ta.

Dakta zai tuna labarin Bryan Mullanphy, wanda ya taɓa zama magajin garin St. Louis. Ya rasu a 1851, ya bar sulusin dukiyarsa don taimakon matalautan matafiya masu bi ta birnin za su yammacin Amurka su zauna. A lokacin kullum ayari na wucewa. Da ƙaurar ta lafa, kuɗi na ta taruwa, masu cancanta na ta raguwa, aka yi shekaru ana zarya a kotu kan yadda za a yi da shi. Irin wannan ne ya dami Goff. Maganin da ya kawo shi ne duk wanda zai bar wa gidauniya dukiya ya amince tun farko cewa idan manufarsa ta zama ba ta yiwuwa, ko babu sauran buƙatarta, amintattu na da ikon karkatar da kuɗin zuwa abu mafi kusa da ita ba sai an je gaban alƙali ba. Har yau ƙa'idojin harajin Amurka suna neman wannan iko ya kasance a takardun gidauniyar al'umma. A ganina wannan sakin layi ɗaya shi ne dukan dabarar. Juya kuɗi kowane banki ya iya.

Alhaji Garba: Barista, tsaya. Ni ne irin mutumin da kake ba da labari, kuma ban ji kunya ba. Na yi shekaru ina tara abin da Allah Ya ba ni, na san abin da nake so a yi da shi. Yanzu kana ce min in sa hannu a takardar da ta ba wasu mutane, waɗanda ban sani ba, wataƙila ma ba a haife su ba, ikon su ce manufata ta tsufa? Yau a ce makarantar ta rufe, gobe a ce ai ba ta rufe ba amma ga abin da ya fi ta muhimmanci. Wanda ke kabari ba ya ɗaukaka ƙara.

Malam Sani: Alhaji yana da malamai a bayansa. Ƙa'ida ce sananniya a fiƙihu cewa sharaɗin mai wakafi ana girmama shi kamar nassi, matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Amma malaman nan dai su ne suka yi maganar musanya: idan abin da aka yi wakafinsa ya lalace ko amfaninsa ya yanke, da yawansu sun halatta a sayar a sayi makamancinsa, bisa sa idon alƙali. Wato ƙofa ce da ake buɗewa don larura, ba don an ga abin da ya fi ba.

Dakta Ishaku: Alhaji, ga labarin da zai yi maka daɗi. Wata mata mai suna Beryl Buck ta rasu a 1975, ta bar dukiyarta a hannun gidauniyar San Francisco, ta ce a kashe ta a gundumar Marin kaɗai, a jihar Kalifoniya. Yawancin dukiyar hannun jarin wani kamfanin mai ne, Belridge, darajarta a lokacin ba ta wuce dala miliyan 10 ba. A 1979 kamfanin Shell ya saye Belridge, kason nan ya koma wajen dala miliyan 260. Marin kuwa tana cikin gundumomi mafi arziki a Amurka, ga maƙwabtanta da talakawa jingim. A 1984 gidauniyar ta je kotu ta ce a bar ta ta kashe wani ɓangare a sauran gundumomin, hujjarta ita ce matar ba ta san kuɗin zai kai haka ba. A 1986 kotu ta ƙi. Ta ce manufar ba ta gagara ba, kuma ganin cewa kuɗin zai fi amfani a wani wuri bai isa dalilin karya wasiyya ba. Ƙarshenta aka karɓe amanar daga hannunsu, aka kafa wa Marin gidauniyarta.

Alhaji Garba: Madalla da wannan alƙali.

Auwal: Ni kuwa takaici ya ba ni. Ɗaruruwan miliyoyi a kulle a unguwar masu kuɗi saboda layi ɗaya da wata ta rubuta ba ta san abin da zai faru ba.

Barista Nura: Ku duka biyun kun karanta rabin labarin. Alhaji, labarin ya nuna maka ikon karkatarwa ba lasisin yin abin da aka ga dama ba ne, akwai kotu, kuma amintattun da suka wuce gona da iri suna iya rasa amanar baki ɗaya. Auwal, kai kuma ya nuna maka gyaran ba a kotu yake ba, a teburin rubuta wasiyya yake. Da an tambaye ta tana raye, idan kuɗin ya ninka sau ashirin fa, wa ya san me za ta ce? Ba wanda ya tambaya.

Ga yadda nake ba da shawara a rubuta, kowa ya kai wa lauyansa ya daidaita da dokar ƙasarsa: "Na yi wasiyya da kashi kaza cikin 100 na abin da ya rage daga dukiyata, bayan biyan bashi da kuɗin jana'iza, ga gidauniya kaza mai lambar rajista kaza, a riƙe shi a matsayin asusu na dindindin da sunan kaza. Burina a fifita ilimin yara marasa galihu. Idan wannan ya zama ba ya yiwuwa ko babu buƙatarsa, amintattu su sarrafa amfanin a abin da ya fi kusa da shi a cikin yankin." Ku lura na ce kashi, ban ce adadi ba. Wanda ya rubuta miliyan 5 yau, ya rayu shekara 30, abin da zai isa gidauniya ba zai sayi abin da yake tunani ba. Idan kuma dukiyarsa ta karye kafin ya rasu, miliyan 5 ɗin na iya haura sulusi ya jawo rigima da magada. Kashi yana tafiya da dukiyar duk inda ta nufa.

Maman Hanif: Ina ta karantawa ban sa baki ba, amma akwai abin da ba a taɓo ba. Na taɓa zama sakatariya a wata ƙungiyar taimako da wani dattijo ya bar wa gida a wasiyya. Ranar da aka kai mu gani, muka tarar da 'yan haya gida uku a ciki, ɗaya ya shekara biyu bai biya ba. Rufin ɗakin baya ya rufta, an jera bokitai a ƙasa, bango ya yi kore har tsayin gwiwa. Takardar filin kuma sunan yayan mamacin ne a kai, wanda ya riga shi rasuwa, 'ya'yansa suna cewa da rabonsu. Abin da ƙungiyar ta kashe a lauya da gyara kafin gidan ya kawo kuɗin haya na farko, da tallafin marayu aka yi da shi da an ga aiki. Hajiya, ku rubuta tun yanzu irin kyautar da za ku karɓa da wadda za ku ce an gode. Kuma ku nemi izinin sayarwa a cikin wasiyyar.

Hajiya Rabi: Maman Hanif, wallahi wannan ko a mafarki bai zo min ba. To amma har yanzu tambayata ta biyu tana nan. Kafin wasiyyar farko ta iso, me za mu nuna wa mutane? Ba wanda zai rubuta sunan gidauniyar da bai taɓa ganin aikinta ba.

Dakta Ishaku: Da ruwan ciki ake jan na rijiya, Hajiya. Gidauniyar Winnipeg, ta farko a Kanada, ta fara a 1921 da kyautar dala 100,000 daga wani mai banki, William Alloway, yana raye. Kyauta ta biyu ta zo a 1924, tsabar zinare uku na dala biyar-biyar a ambulan, ba suna. Har yau suna ba da labarin dala 15 ɗin nan, don mai ƙaramin ƙarfi ya san da shi ake. A jihar Indiana ta Amurka kuma, daga 1990 gidauniyar Lilly ta riƙa ƙara nata a kan abin da mutanen kowace gunduma suka tara, har dukan gundumomi 92 na jihar suka samu gidauniyar da ke yi musu hidima. Wato ana buƙatar masu rai su riƙe ofis, su ba da ƙananan tallafin da ido zai gani, su fitar da rahoton kuɗi duk shekara ko da abin da ke ciki kaɗan ne. Mai tunanin wasiyya yana kallonku shekara goma kafin ya kira lauya, kuma galibi ba zai gaya muku ba.

Wasu ƙasashen suna taimakawa da haraji. A Birtaniya tun 2012, wanda ya bar aƙalla kashi 10 na dukiyar da haraji ya hau kanta ga ayyukan jinƙai, harajin gadon da ke kan saura yana sauka daga kashi 40 zuwa 36. A jihar Nebraska ta Amurka kuwa hujjar da suke kai wa mutanen karkara ita ce 'ya'yansu sun koma birane, ranar da aka raba gado dukiyar za ta bi su ta bar yankin, don haka a bar wa gida ko kashi 5 ne.

Auwal: Wannan ta Nebraska ta fi shiga kaina fiye da duk lissafin Anti Zainab. Amma ga tambayar da kowa ke kewaye ta: su wa ke zama amintattun? Don idan attajirai biyar ne ke naɗa junansu, ikon karkatarwar da Barista ke yabo ya zama ikon attajirai biyar.

Dakta Ishaku: Goff ya hango wannan. Kwamitin rabon tallafinsa na farko mutum biyar ne, banki ya naɗa biyu kawai, sauran ukun magajin gari da alƙalai biyu ne suka naɗa su, ɗaya-ɗaya. Masu juya kuɗi daban, masu rabawa daban.

Zainab Akanta: A ƙara da wa'adi, kada kowa ya wuce zango biyu. Mai dangantaka da wanda ke neman tallafi ya fita daga ɗakin kafin a yanke shawara, a kuma rubuta cewa ya fita. Mai binciken kuɗi daga waje, rahotonsa a fili. Kowane asusun wasiyya da shafinsa, magada su iya zuwa su ga abin da ya shiga da abin da ya fita da sunan mahaifinsu. 'Ya'yan da suka ga haka su ne masu wasiyyar gaba.

Barista Nura: Ƙari ɗaya, kuma a kansa ba na sassauci. Lauyan gidauniya kada ya rubuta wa mai bayarwa wasiyya, ɗan kwamiti kada ya zama shaida, kada kuma a je wa mutum da takarda yana gadon asibiti. Ranar da magada suka je kotu suka ce an yi wa tsoho dabara, ko kun yi nasara sunanku ya ɓaci, kuma wasiyyoyi goma da ba ku san da su ba za a goge sunanku a ciki. Mai bayarwa ya kira 'ya'yansa ya gaya musu da bakinsa.

Alhaji Garba: Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, nawa sun riga sun sani. Barista, turo min rubutun nan naka in kai wa lauyana. Amma zan ƙara layi biyu. Ba za a karkatar da ko sisi ba sai amintattu sun haɗu a kai gaba ɗayansu, ba rinjaye ba, kuma sai an sanar da babban wanda ya rage a zuriyata a rubuce.

Barista Nura: Sanarwar babu laifi, ranka ya daɗe, in dai sanarwa ce ba neman izini ba. Amma haɗuwar baki ɗaya, mutum ɗaya mai taurin kai ya isa ya mayar da kai Mullanphy. Ka sa kashi biyu cikin uku.

Alhaji Garba: Uku cikin huɗu.

Auwal: Ni kuma idan Allah Ya hore min abin da zan bari, rabi zan ce a ajiye, rabi a kashe cikin shekara 20. Anti Zainab, gidauniya na karɓar irin wannan?

Zainab Akanta: Tana karɓa. Shafi biyu za a buɗe maka, kuma kuɗin gudanarwa a kan rabin da za a kashe zai ɗan fi yawa, don aikinsa ya fi yawa.